Tauraron da Na Kankare

Ku da kuke buga hoto da inji, na san yadda kuke kallon aikinmu. Kwanakin baya ɗaya daga cikinku ya ce mini, "Baba Ishaku, tauraro fa? Ai layi biyar ne, ko ɗan firamare zai ja." Ban yi masa gardama ba, layi biyar ne. Amma na yi sama da shekara talatin ina zanen bangon majami'u a garin nan na Maiduguri, kuma ban taɓa ɗora rana ko wata ko tauraro a bango ba sai na san abin da yake faɗa wa mai kallo. Jan layin ba wuya. Sanin abin da ka ja, shi ne aikin.

Ina saurayi na zo daga wajen Biu, kawuna ya kai ni wurin Malam Anjili a unguwar Mairi. Tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli ya kama fenti. Gajere ne, muryarsa ƙarama, ga saurin fushi. Wata shida na yi a rumfarsa ban tsoma buroshi a fenti ba. Wanki kawai nake yi: in jiƙa buroshi a kananzir, in matse da tsumma, in wanke da sabulu, in rataye shi gashin na kallon ƙasa. In ya tarar da guda ɗaya tsaye a gwangwani gashinsa ya lanƙwashe, ranar sai na sha faɗa har maƙwabta su leƙo. Manyan buroshi saye muke yi a Kasuwar Kwastam. Ƙananan kuwa, na rubutu da na bakin tauraro, shi yake yin abinsa da gashin akuya, ya ɗaure a bakin siririn kara da zaren ɗinki. Da'ira ba a yinta da ido. Ƙusa za ka kafa, ka ɗaura mata zare, ka ɗaura alli a ɗaya bakin, ka zagaya. Shuɗin sama kuma shafe uku ne, mai duhu daga can sama, yana washewa yana sauka. Da sassafe ake yi, kafin bango ya ɗauki zafi. In ka bari rana ta take a garin nan, fenti zai bushe maka a bakin buroshi, ya yamutse a bango, aikin kwana biyu ya lalace.

Bayan wankin, abin da ya fi matsa mini a kai shi ne karatu. Yakan ce, "Kafin ka zana sama, je ka karanta abin da aka faɗa a kanta." Sai ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki nasa da ya sha ɗigon fenti, ya nuna mini wuri, ya ce gobe zan gaya masa abin da na gane.

Aikin farko da ya bar ni na sa hannu, bangon bayan bagade ne, inda fasto ke tsayawa, a wata ƙaramar majami'a a bayan Mairi. Shi ya yi rana a hannun dama, babba, ruwan ƙwai da ɗan ja a baki. Ya sauko daga tsani ya ce, "Hau, yi wata." Murna ta kama ni. Na ɗauko sabon gwangwanin farin fenti, na sa ƙusa zan ɓalle murfin, sai na ji bulalar tsumma a bayan hannuna.

"Wa ya ce ka buɗe?"

"Malam, ai wata fari ne."

"Kawo gwangwanin rana."

Na kawo. Saura kaɗan a gindinsa. Ya tsiyaya fari a ciki, ya juya da kara har ya yi kalar nono mai maiƙo. Ya ce, "Da wannan ake yin wata. Rana Almasihu take nufi, hasken nasa ne. Wata kuwa mu ne, ikilisiya. Ba shi da hasken kansa, na aro ne, shi ya sa kake ganin yau ya cika gobe ya rame. Duk ranar da ka yi wata da sabon gwangwani, ya fi rana haske, ka yi wa mutane wa'azin ƙarya ba ka buɗe baki ba."

Na riƙe wannan gam, har na ɗauka na gama sanin komai. Sai muka samu aikin ɗakin karatun yara na ranar Lahadi, mafarkin Yusufu, inda rana da wata da taurari suka rusuna masa. Ina shafa ina cewa ga Almasihu, ga ikilisiya. Malam ya ce, "A nan ba haka ba ne. A nan rana ubansa ce, wata uwarsa, taurari 'yan'uwansa. Ba ka ɗaukar ma'ana ɗaya ka yi ta yawo da ita kamar mai talla. Wurin da abu ya fito za ka duba." Ranar na sake wani kuskuren. Na jera taurari shida a dama, shida a hagu, don bangon ya zauna daidai. Ya tsaya ya ƙirga da yatsa.

"Goma sha biyu?"

"Malam, sha ɗaya ba ya rabuwa biyu."

"Na sha biyun shi ne yake kwance yana mafarkin. Goge ɗaya."

Ƙirga babban abu ne a aikin nan. Bakwai a tafin hannu, manzannin ikilisiyoyi ne. Goma sha biyu a kan mace, kambi ne, jama'ar Allah ce. Guda ɗaya babba a kan ɗaki, na Kirsimeti ne, wanda ya jawo masanan gabas. Guda ɗaya can ƙasa kusa da inda gari ke wayewa, Gamzaki ke nan, shi ma Almasihu yake nufi, mai zuwa lokacin da duhu ya ƙare. Akwai kuma waɗanda ba a ƙirgawa, na alkawarin da aka yi wa Ibrahim cewa zuriyarsa za ta yi yawa. Waɗannan ba a zana su ɗaya-ɗaya. Tsoma buroshi kake yi, ka ja baya, ka kaɗa gashin da yatsa, fentin ya watsu. Ko kai mai zanen ba ka san adadinsu ba, haka kuma ake so.

Ba majami'u kaɗai ke ci da mu ba. Mun yi allon shago, mun yi bayan mota, mun yi ƙofar makarantar Islamiyya. A majami'a cikakken wata ake yi. In jinjirin wata ne da tauraro a gefe, na Musulmi ne, kada ka haɗa. Wanda nake sayen fenti a wurinsa a Kwastam, Ba Modu, Babarbare ne mai son raha. Da ya hango ni sai ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, Ishaku! Yau wane watan za ka yi, naku ko namu?" In ce, "Ba Modu, ai duk daga gwangwaninka suke fitowa." Ya yi ta dariya. Ni na yi musu ƙofar Islamiyyar unguwarsu, kore da fari, shi ya riƙe mini tsani.

Malam Anjili ya rasu kafin gari ya rikice. Allah ya rufa masa asiri, bai gani ba.

Da aka ƙone majami'ar nan ta bayan Mairi, bayan kwana uku na je. Rufin ya faɗa ciki, kujeru sun zama gawayi, bangon bagade ne kaɗai a tsaye. Mutane sun taru a gabansa. Ranar da Malam ya zana ta koma baƙa ƙirin. Watan da na yi da hannuna ya koma ja mai duhu, kamar busasshen jini. Taurarin duk sun kumbura sun ɓare, sun zube a gindin bango. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ga shi nan yadda aka faɗa. Rana ta yi duhu, wata ya zama jini, taurari sun zubo. Ƙarshen ya zo." Ni na san abin da wuta ke yi wa fenti mai mai. Ruwan ƙwai shi ke fara baƙi, fari kuma ja yake komawa kafin ya ƙone. Ko allon mai shayi ne haka zai yi. Na buɗe baki zan faɗa, na duba fuskokinsu, na rufe. Ban ga abin da bayanina zai ƙara musu ba, kuma ban tabbata tsohuwar ta yi kuskure ba.

Daga nan aiki ya juya. Ba mai son a san nan majami'a ce. Waɗanda suka kira ni na zana, su suka dawo suna kira na in shafe. Na bi ƙofofin da na yi ɗaya bayan ɗaya da fenti ruwan toka, ina rufe gicciye, ina rufe suna, ina rufe tauraron Kirsimeti. An hana babur, tsani a ka nake ɗauka in bi shingayen bincike, kowanne sai an buɗe gwangwani an leƙa. Ba Modu ya ce in daina shigowa ta gaban shago, ba don kansa ba, don ni. Ya koma aiko mini da fenti a hannun wani mai keke. Rannan mai keken ya zo hannu wofi, ya ce yaran daji, masu tada ƙayar bayan nan, sun harbe ƙanen Ba Modu a bakin shagon, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Ban sake ganinsa ba.

Aikin da nake so in ba ku labari, a unguwar Jiddari Polo ne. Akwai wata majami'a mai babban fili da ta cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyukan duwatsu, wajen Gwoza. Tantuna har bakin katanga. Sun zo da fastonsu, Fasto Bulus, dogon mutum da ya rame har kwalar rigarsa tana yawo a wuyansa. Shi ya aika aka kira ni. Ya kai ni gaban katangar gabas ya ce, "Malam Ishaku, mutanen nan ba su da kabari ko ɗaya. Waɗanda suka mutu, a hanya aka bar su, a gona, a kan dutse. Mata suna tambaya ta ina za su je su tsaya. Ban da amsa. Ina so ka shafe katangar nan da shuɗi, ka yi wa kowa tauraro."

Na ce, "Fasto, taurarin alkawari ba a ƙirga su."

Ya ce, "Ba na alkawari ba ne. Waɗanda suka riƙe gaskiya har ƙarshe, an ce za su haskaka kamar taurari. An kuma ce Allah ya san adadin taurari, yana kiran kowanne da sunansa. Waɗannan za ka ƙirga, ka rubuta suna a ƙarƙashi."

Katangar siminti ce da ba a taɓa shafawa ba, tana shan fenti kamar yashi. Sai da na yi mata farin ƙasa shafe biyu kafin shuɗi ya zauna. Na yanka tauraro a kwali da reza, faɗin tafin hannu, in manna a bango in daddaɓa fari, in ɗauke, in gyara bakin da ƙaramin buroshi, in rubuta suna. Fasto ya kafa doka: ba a yi wa mutum tauraro sai mutum biyu sun shaida sun ga gawarsa. Shi yake zama da littafinsa a gindin dogonyaro, iyali su zo su faɗi suna, shaidu su yi magana, ya rubuto mini a 'yar takarda.

Tun a makon farko aka yi gardama a kan girma. Akwai wani dattijon ikilisiyarsu, Baba Yakubu, wanda aka kashe masa 'ya'ya maza biyu rana ɗaya. Mutum ne mai sanin Littafi, ba ya magana sai ya kawo wuri. Ya ce an rubuta cewa wani tauraro ya fi wani ɗaukaka, saboda haka na mai bishararsu da aka yanka a bakin majami'a ya kamata ya fi na sauran girma. Fasto ya ce, "Baba, wannan rabon na Allah ne, a can za a yi. A nan kwali ɗaya ne da Malam Ishaku." Aka bar shi haka.

Kuskuren da na yi na ma'aikaci ne. Na fara daga sama, na ba da tazara mai yawa, ina tsammanin layi biyu ko uku zai isa. Kowane mako sai sababbin mutane su iso da sababbin sunaye. Na sauko har ina sunkuyawa, na sauko har ina durƙusawa, na koma sama ina cusa wasu a tsakanin na farko. Kwali ya jiƙe ya yage, na yanka wani, shi ma ya yage. Na daina ƙirgawa. Fasto ne kaɗai ya san adadin.

Mama Rifkatu tana cikin waɗanda suka fara zuwa. Na yi wa mijinta tauraro a layi na biyu, shaidu sun cika. Ta gode, amma ba ta tafi ba. Ta kife bokitin fenti ta zauna.

"Malam, saura na Ayuba."

"Wane ne Ayuba, Mama?"

"Ɗana. Shi kaɗai ne namiji. Shi ke kaɗa wa mawaƙa ganga. Mun fito tare, muka kai bakin rafi, ya ce ya tuna makahon nan maƙwabcinmu ba mai jan sa. Ya koma. Shi ke nan."

Na ce ta je wurin Fasto. Ta je. Ba wanda ya ga gawar Ayuba, ba wanda ya gan shi da rai. Fasto ya ce ta yi haƙuri, wataƙila yana wani sansanin, wataƙila ya tsallaka Kamaru. Ta ce to. Washegari da na zo da safe na tarar da ita a kan bokitin. Haka muka yi ta yi. Ba ta roƙo, ba ta kuka. In na gama na wani, sai ta ce, "Allah ya ba ka lada, sun samu wurin tsayawa." Duk baƙon da ya iso sansanin, ita ce ta farko a gabansa da tambaya. Damina ta wuce, wata ta zo. Sai wani mutum ya iso ya ce ya ga gawa a bayan ƙauyensu, fuskar ba ta ganuwa, amma rigar irin ta 'yan mawaƙa ce. Shaida ɗaya ke nan, ita ma rabi. Fasto ya daɗe yana kallon littafinsa, sannan ya rubuto mini sunan.

Ita ta zaɓi wurin. Akwai 'yar tazara kusa da taurarin 'ya'yan Baba Yakubu biyu. Ta ce, "Nan. Abokansa ne, tare suke waƙa." Baba Yakubu da kansa ya ce a sa shi a nan. Na yi shi da kyau, na bi bakin sau biyu. Daga ranar ta daina zama a kan bokiti. Da safe takan zo da jiƙaƙƙen tsumma ta goge na mijinta, ta goge na Ayuba, ta goge na yaran Baba Yakubu, ta koma tantinta. Har ta ɗan yi ƙiba.

An yi wajen shekara a haka. Sai aka kawo wasu mata da suka kuɓuto daga daji. A cikinsu akwai Saratu, 'yar ƙauyen su Mama Rifkatu, da jariri a baya. Ta yi kwanaki ba ta magana. Rannan tana wucewa ta gaban katanga, tana karanta sunaye, sai ta tsaya cak. Ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Wannan ai bai mutu ba."

Kafin azahar magana ta gama sansani. Saratu ta ce ta ga Ayuba da idonta, ba sau ɗaya ba. Yana da bindiga, an canja masa suna, yana cikin masu tsaron inda aka tsare su. Ta ce rannan ya ajiye mata ruwa a gora bai kalli fuskarta ba. Ta kuma ce ranar da aka koma ƙauyen aka ƙone sauran gidajen da rumbuna, yana cikin motar da ta tafi, yana cikin motar da ta dawo. Abin da ya yi a can, ba ta sani ba. Ko da son ransa yake tare da su, ba ta sani ba.

Dattawa suka zauna a gindin dogonyaro, aka kira ni don ni na yi aikin. Mama Rifkatu tana zaune a ƙasa gefe guda. Baba Yakubu ya fara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba kowane tauraro ne alheri ba. Akwai wanda ya faɗo daga sama saboda tawaye. Akwai waɗanda aka kira taurari masu yawo, da aka tanada musu duhu. Ya ce, "Katangar nan ta waɗanda suka tsaya ce. Ba zan zo in tsaya gaban 'ya'yana in ga sunan wanda ya riƙe bindigar da ta kashe su ba."

Fasto ya ce, "Baba, ba mu san abin da aka yi masa ba. Muddin mutum na numfashi, ba a rufe masa ƙofa."

"To ai ka faɗa da bakinka, yana numfashi. Katangar matattu ce. Ko ta ina ka bi, ba wurinsa ba ne."

Wani ya juyo ya ce, "Malam Ishaku, kai ne ka san ma'anar abubuwan nan. Me ka gani?"

Na ce ni ba fasto ba ne. Amma akwai wuri a Littafi da aka ce wani babban maciji ya ja taurari da wutsiyarsa ya zubar da su ƙasa. Waɗannan ba su suka yi tsalle ba, jan su aka yi.

Baba Yakubu ya dube ni ya ce, "Nawa ma an ja su, Malam. Suka ƙi. Shi ya sa suke bango."



Sai Mama Rifkatu ta yi magana, ba ta tashi ba. Ta ce, "Ku dattawa ne, ku kuka san Littafi. Ni abu ɗaya nake tambaya. In yana da rai, ku kawo mini shi. In ya mutu, ku bar mini tauraronsa. Wanne za ku ba ni?"

Fasto ya sunkuyar da kai. Daga baya aka ɗaga hannu, masu cewa a cire suka fi yawa. Wasu cikinsu suna ɗaga hannun suna hawaye. Ban ga laifin kowa ba a wurin. Fasto ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce, "Ka zo gobe da wuri, kafin mutane su fito."

Cire tauraro ya fi sa shi wuya. Ba za ka shafa shuɗi a kai ba. Fari yana leƙowa ta ƙarƙashi ko shafe nawa ka yi, kuma shuɗin katangar ya sha rana ya koɗe, sabo ba zai taɓa dacewa da shi ba. Sai dai ka kankare har ka taɓa siminti. Na zo da wuƙar kankare bango da takardar goga da ɗan shuɗi da na surka da fari. Gari ya waye ke nan, ko wutar girki ba a hura ba. Na tarar da Mama Rifkatu tsaye a wurin.

Na ce, "Mama, ki koma ciki. Ba sai kin gani ba."

Ta ce, "Yi aikinka, Malam. Ba kai ba ne."

Ta kwance ɗankwalinta, ta kama shi da hannu biyu, ta tara a jikin katanga daidai ƙarƙashin tauraron. Na fara da sunan, don shi ya fi sauƙi, fentin siriri ne. Sannan na bi ƙafafun tauraron ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada wuƙa ta zame ta taɓa na maƙwabtansa. Da yake na yi shi da kauri, ɓawo-ɓawo ya riƙa fitowa. Duk abin da ya faɗo, a cikin ɗankwalin ya faɗa. Da na ɗauko takardar goga, ta matso da shi don ƙurar ma kada ta zube ƙasa. Na shafa shuɗin. Bai dace ba, na san ba zai dace ba. Wurin ya zauna kamar tabon ƙuna.

Ta tattara bakin ɗankwalin ta ƙulle. Duk abin bai cika cokali biyu ba. Ta ce, "Na gode. Yanzu na samu abin da zan binne. Zo ka taya ni."

Muka zaga bayan tantuna, kusa da inda mata ke shanya. Ƙasar wurin ta yi tauri, ba fartanya. Da wuƙar kankarewar na haƙa ramin, bai wuce zurfin yatsa ba. Ta durƙusa ta juye, ta kakkaɓe ɗankwalin a ciki sau uku. Ta ce, "Malam, ka yi addu'a."

Na tsaya da wuƙa a hannu. Addu'ar jana'iza ba ta dace ba, mutumin yana da rai. Ta neman ya dawo kuma, ga shi muna binne shi. Na ce, "Mama, ban san wadda ake yi a nan ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba."

Ta mayar da ƙasar da tafin hannu, ta miƙe ta danne da diddige. Ta ɗaura ɗankwalinta yadda yake, da sauran farin ƙura a jiki. Can gaba an fara buga ƙarfen rabon abinci. Ta ɗauki kwanonta ta tafi ta shiga layi.